Kuah: garin da turare ke araha, kayan miya ke tsada

Gajiyar hanya ba ta gama sakina ba, amma gara in rubuta abin da na gani a Malesiya tun da ɗuminsa. Yayata na je dubawa. Aikin otal ne ya kai mijinta tsibirin Langkawi a jihar Kedah, can arewa maso yammacin ƙasar, dab da iyakar Tailan, kuma suna zaune a Kuah, babban garin tsibirin. Girman nasa dai a suna ne. In kin ɗauki ƙafa bayan la'asar, kafin magariba kin gama zagaye tsakiyarsa.

Daga Kuala Perlis, wani gari a gaɓar babban yankin ƙasar, muka shiga jirgin ruwa, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Waje zafi da gumi, cikin jirgin kuwa sun ƙure na'urar sanyi har haƙorana na haɗuwa. Abin da ke fara tarbar mutum a gaɓa shi ne wani ƙaton gunkin mikiya mai tsawon mita 12, ta buɗe fukafukai, baƙi na ta ɗaukar hoto a ƙarƙashinta. Daga nan kuma sai shaguna.

Tun 1987 gwamnati ta ɗauke wa tsibirin harajin kaya, zamanin firaminista Mahathir Mohamad, wanda ya taɓa zama likitan gwamnati a can yana saurayi. Kafin nan mutanen tsibirin masunta ne da manoman shinkafa. Yanzu layi guda sai ki ƙirga shaguna fiye da yatsun hannu, duk kaya iri ɗaya: cakulan na Turai har rufi, turare, akwatunan tafiya, tukwane, da farantan Corelle waɗanda matan Malesiya ke mutuwar so. Da jaka wayam suke tsallako ruwa, su koma da ɗan dako a baya. Ni ma ban tsira ba, gaskiya. Na ga turaren da na daɗe ina kallo daga nesa, na duba farashinsa a ringit, kuɗin ƙasar, na buga lissafi a waya, na sake bugawa don ban yarda ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne giya. Tsibiri ne na Musulmi mafi rinjaye, kiran salla daga kowace kusurwa, amma giyar nan ta fi ta babban yankin ƙasar araha, ga ta jere a shagon da mai hijabi ke zaɓar faranti.

Da na dawo gida ina ta zuzuta araha, Yaya ta kalle ni ta ce, "Ke kam baƙuwa ce. Cakulan za mu dafa mu ci?"

Washegari da sassafe ta ja ni kasuwar kayan miya don in gane wa idona. Kusan duk abin da ake sa wa a tukunya sai jirgi ya tsallako da shi daga babban yankin ƙasar. Tumatir da kabeji daga tsaunukan Cameron suke zuwa, albasa yawanci daga Indiya, naman da ya fi sauƙin kuɗi kuma na ɓauna ne daskararre, shi ma daga Indiya. Tumatirin manya ne, masu kyan gani, amma ruwa ne zalla, sai kin zuba da yawa miya ke yin ja. Abin da Allah ya huwace musu shi ne kifi. Da asuba ake sauke shi, idonsa tar, ga jatan lande da kaguwa, ga kwakwa da ake kankarewa a inji a matse miki madararta a leda kina tsaye. Yaya da ba ta shiri da kifi a da, yanzu ta san sunan kowanne da yaren Malay, har tana ɗaga kunnensa ta duba ja ne ko ya dafe.

Makonta gaba ɗaya kasuwar dare ce ke tsara shi. Kasuwar yawo take yi, kowane dare da garin da take ci: Laraba da Asabar a Kuah, Juma'a a Air Hangat, Lahadi a Padang Matsirat, haka dai har mako ya zagayo. Tun kafin rana ta faɗi ake kafa rumfuna, hayaƙin gasasshen kifi da tsiren kaza ya turnuƙe layin. Akwai shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa, a naɗe ta a ganyen ayaba da yaji da soyayyen gyaɗa, ringit biyu zuwa uku, ta ishe ki karin kumallo. Nan kam na yarda akwai araha. Durian ne na kasa, wani ɗan itace da suke ci. Warinsa ya sa otal-otal ke manna takardar hana shiga da shi, su kuwa 'yan gari sun zagaye tebur suna lasar yatsa.

Sai dai cinikinsu ba daɗi. An rubuta farashi a kwali, ki biya ki wuce, wasu ma wayarki za ki ɗora a kan wata alama kuɗin ya tafi. Babu "albarka", babu "ƙara dai", babu wannan tafiyar ƙarya da muke yi don a kira mu mu dawo. In kin taya ƙasa sosai, murmushi kawai za a yi miki a juya ga na bayanki. Mu da muka saba a gaisa, a tambayi gida da yara kafin a taɓa kaya, sai mu ga kamar rowar baki ce. Amma akwai wata tsohuwa mai 'ya'yan itace da Yaya ke saye a wajenta, Makcik take ce mata. Ba ta rage ko sisi ba. Da ta ji ni ƙanwar Yaya ce daga nesa, sai ta ɗebo rambutan cike da hannu biyu ta tura a ledata, ta ɓare guda ta miƙo mini, ta tsaya sai da ta ga na haɗiye. Ashe gyaransu ba a roƙa, sai wanda suka ga dama.

Maƙwabtansu ma haka. Ba sa shigo miki gida haka kawai, amma da aka yi biki a layin har ƙofa aka zo gayyata, aka zaunar da mu gaba-gaba, uwar amarya na ta ƙara mana shinkafa. Takalmi a waje ake barinsa, ko gidan wa za ki shiga. Ba sa nuna abu da manuniya, da babban yatsa suke nunawa. Murya kuwa ƙasa-ƙasa, har ni da Yaya in muna hira a hanya sai a riƙa waiwayenmu kamar faɗa muke.

Babban abokin gabar mai zama a can laima ce. Yaya ta buɗe mini kabad ta nuna mini jakarta ta fata da takalman mijinta na zuwa masallacin Juma'a, duk sun yi furfurar kore. Kullum cikin sayen robobin nan masu tsotse danshi take. Shanya ba ta bushewa in ruwa ya kankama, musamman wajen Satumba da Oktoba, sai a kwashi kaya a kai shagon wanki mai injin busarwa. Sukari a firiji yake kwana saboda kiyashi. Ga birai. Da idona na ga wani ya ɗaga murfin kwandon shara da hannu ɗaya, ya zaɓi abin da yake so, ya zauna a kan katanga yana ci yana kallona.

Baƙin da ke zaune a Kuah iri biyu ne, kuma ba ma'auni ɗaya ake auna su da shi ba. Akwai Turawa, yawancinsu tsofaffi 'yan fansho, wasu a gidajen haya, wasu a cikin ƙananan jiragen ruwansu suke kwana, su shigo gari da gajeren wando su loda gwangwanaye da ruwan sha. Wani dattijo ɗan Ingila da muka haɗu a layin biyan kuɗi ya tsare mijin Yaya da ƙorafi kan shirin izinin zama na MM2H, wanda aka fara a 2002 aka tsaurara a 2021, har aka nemi mutum ya nuna yana samun ringit 40,000 a wata. Ya ce abokansa da dama sun tattara sun koma Tailan. Na saurare shi, amma tausayina bai kai can ba. Shi in ya gaji ya ɗaga anga ya tafi. Mijin Yaya takardar zamansa a ɗaure take da wajen aikinsa, ranar da aikin ya ƙare zaman ya ƙare. Kafin su sami gidan da suke ciki, akwai mai gidan da suka gama magana da shi a waya lafiya lau, da ya ga fatarsu sai ya ce an riga an kama. Baƙo kuma ko'ina farashinsa daban: asibiti, motar igiya mai hawa dutse, har otal akwai harajin ringit 10 kowane dare da ɗan ƙasa ba ya biya.

Ranar komawa na gamu da nawa rabon. Doka ta ce sai mutum ya yi sa'o'i 48 a tsibirin kafin ya fita da kaya babu haraji, ni kuwa na wuce haka nesa ba kusa ba. Duk da haka wani jami'i ya ware ni daga layi, ya juya fasfona gaba da baya, ya sa na zazzage akwati a gaban jama'a, yana ɗaga farantaina ɗaya-ɗaya yana tambayar wa zan sayar wa. Ko sallamata bai amsa ba. Turawan da ke bayana da kwalabe suna ƙara a jakarsu suka wuce abinsu. Da bai sami komai ba sai ya yi mini nuni da haɓa in kwashe.

Na biya ta Penang, tsoffin gine-gine da abinci mai daɗi, sai cunkoso. Kuala Lumpur kuwa dogayen benaye ne da manyan kantuna, kuma a can na ga irin turaren da na saya, kuɗinsa ya ɗara na Kuah sosai.