Kuɗin da ke zurarewa tsakanin sito da hannun mai saye

Kusan duk ɗan sarin kayan masarufi a Katsina zai iya faɗa maka nawa ya sayo katan ɗin taliya a Kasuwar Singa, da abin da direba ya karɓa daga Kano zuwa bakin sitonsa. Inda ake samun shiru shi ne in ka tambayi nawa yake kashewa kafin katan ɗin ya bar siton ya isa hannun mai shago a Mashi ko Daura. Wannan kuɗin ba ya zuwa a rasit ɗaya. Yana warwatse ne cikin haya, albashin yara, kuɗin dako, man janareta, da kayan da suka lalace ko aka aika inda ba su ba.

Kafin a sayi kowace na'ura, sai a fara fitar da wannan lissafin. A ɗauki misali da lambobin da kowa zai maye da nasa: hayar sito naira 100,000 a wata, mai gadi 40,000, yara uku 150,000, wuta da fetur 60,000. Waɗannan 350,000 ke nan, kuma ko an yi ciniki ko ba a yi ba sai an biya su. Sai waɗanda ke tafiya da yawan ciniki: 'yan dako 90,000, igiya da leda da salatif 20,000, asarar fashewa da ɓacewa da kuskure 60,000. Jimilla 520,000. In oda 650 ta fita a watan, kowace oda ta ci naira 800. In da a ce siton nan ɗaya, da mai gadin nan da yaran nan, za su fitar da oda 1,300, kashi na biyu ne kawai zai ninka, kowace oda ta sauko wajen naira 530. Hanyar rage kuɗi biyu ce ke nan: ko a rage ɓarnar da ke cikin kowace oda, ko a ƙara yawan odar da ke bi ta ƙofa ɗaya. Hanya ta farko na'ura ce ke taimaka mata, ta biyu kuma haɗin gwiwa.

Da an ce na'ura a sito, hankalin mutane kan tafi ga butum-butumin da ake gani a bidiyo. A 2012 kamfanin Amazon ya sayi kamfanin Kiva a kan dala miliyan 775, saboda ƙananan na'urorinsa da ke shiga ƙarƙashin kanta su ɗauko ta su kawo wa ma'aikaci inda yake tsaye. Abin da suka saya da wannan maƙudan kuɗi shi ne kawar da zirga-zirga, domin a babban sito tafiyar neman kaya ce ke cinye mafi yawan lokacin mai haɗa oda. Su can ƙwadago ne mai tsada, wuta kuma ba ta ɗaukewa. Mu nan akasin haka ne. Don haka a ganina duk wanda ya zo yana tallata wa ɗan kasuwar Katsina irin waɗannan na'urori, son kuɗinsa kawai yake yi. Amma zirga-zirgar ita ma tana cin mu, kuma da gwangwanin fenti ake maganinta.

A ɗauko littafin ciniki na wata uku, a jera kayan bisa yawan fitarsu, ba bisa tsadarsu ba. Yawanci za a tarar 'yan kaya kaɗan ne, kamar kashi ɗaya cikin biyar, ke ɗauke da mafi yawan fitar. Su ne za su zauna kusa da ƙofa, a tsayin da hannu zai kai ba tare da sunkuyo ko hawa ba. Masu fita jefi-jefi su koma ƙurya da sama. Sannan kowane gurbi ya sami suna a rubuce a bango ko a ƙasa: layi A, kanta ta 3, hawa na 2. Amfanin wannan yana bayyana ne ranar da yaron da ya san inda komai yake ya tafi ƙauye biki. Siton da taswirarsa ke cikin kan mutum ɗaya, mutumin ne ke da shi.

Bayan wannan ne ake maganar manhaja. Yawancin kayan kamfani suna zuwa da lambar nan mai layi-layi, bakod, mai alƙaluma 13. Waɗanda aka yi wa rajista a Najeriya da 615 suke farawa. Sikana ta hannu ko kyamarar waya za ta karanta ta. Kayan da ba su da ita, irin dilar atamfa, buhun gero ko kayan gyaran babur, sai a buga masu tasu da ƙaramar firinta. Manhajoji suna da yawa, akwai na kyauta irin ERPNext, kuma ƙaramin sito zai iya farawa da Google Sheets. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: ta iya aiki ba intanet, ta tura bayanan in sabis ya dawo. Wadda ke tsayawa da zarar sabis ya ɗauke, cikin mako guda yara za su koma biro da takarda.

Sau uku kaya ke bi ta gaban sikana. Lokacin saukewa, ana gwada abin da aka ƙirga da abin da ke kan wayabil, wato takardar da ke rakiyar kayan, tun direba bai tafi ba. Lokacin ajiyewa, a karanta lambar kayan da ta gurbin. Lokacin fita kuma, wani dabam, ba wanda ya haɗa odar ba, shi zai sake karantawa a bakin ƙofa. Wannan na ƙarshen shi ne mai kama kuskuren da ya fi ciwo: an loda wa mutumin Jibiya mai na lita 5 alhali na lita 3 ya biya, ko an aika masa ƙasa da abin da ya saya, sai an sake biyan mota.

Abin da ke rusa tsarin ba kasafai yake zama laifin na'ura ba. Na farko ma'auni ne. An shigar da kaya da katan, ana fitar da su da dozin ko ɗai-ɗai, ba a gaya wa manhaja guda nawa ke cikin katan ba, ko kamfani ya rage daga 48 zuwa 40 ba wanda ya gyara. Cikin wata ɗaya abin da ke kan allo ya rabu da abin da ke ƙasa. Na biyu, kuma wanda ba a son faɗa, shi ne ubangida da kansa. Ya bugo waya: "Ba Alhaji wane katan goma, zan rubuta anjima." Yaro ba zai ce a'a ba, anjiman kuma ba ta zuwa. Ranar ƙirga sai a ce yara sun yi sata. In mai dukiya bai yarda cewa shi ma sai da takarda kaya za su fita ba, gara ya bar kuɗin sikana a aljihunsa.

Akwai ƙananan abubuwa na yanayinmu. Takardar lamba da ake bugawa da zafi kawai, ba ribon, tana dusashewa ko ta yi baƙi a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu da Mayu. Kayan da za su daɗe a ajiye, a buga masu da firinta mai ribon. Ƙurar hunturu kuma tana toshe gilashin sikana da kan firinta, sai ana gogewa ana rufewa da dare. Maganar wuta ba ta da wahala: kwamfuta ɗaya, firinta, cajin wayoyi da 'yan ƙwayaye ba su kai abin tayar da janareta ba, ƙaramar sola da batir sun isa.

Inda manhaja ke biyan kuɗinta da gaske shi ne sanin lokacin sake sari. In katan 40 ke fita kullum, kaya kuma na ɗaukar kwana 3 daga bugun waya zuwa saukewa, ana kuma so a bar 60 na ko-ta-kwana, to da ragowar ta kai 180 sai ta yi gargaɗi. Wannan yana hana abu biyu: ƙarewar kaya ana tsaka da ciniki, da jibge jari a abin da ba ya tafiya. Sai dai a kula, manhaja da kalandar bature take lissafi, alhali azumi da salla suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. In aka bar ta ta kwatanta Maris ɗin bana da na bara, za ta yi kuskuren sukari, madara, gero da man girki. Wannan da hannu ake gyara shi, mako uku ko huɗu kafin ganin wata. Kayan da ke da ranar lalacewa kuwa, a shigar da ranar tun wajen saukewa, wanda ya fi kusa da lalacewa shi ke fara fita ko da shi ya zo ƙarshe.

Cikin kayan ƙarfe, sikelin ƙasa da jak ɗin hannu, mai tayoyi da ake jan dandamalin kaya da shi, sun fi komai amfani. Sikeli yana tona buhun da aka zuƙe aka ɗinke. Dandamalin katako mai mita 1.2 da mita 1 yana ɗaukar buhu 20 masu kilo 50, tan ɗaya ke nan, kuma mutum ɗaya zai ja shi da jak. Tirela mai buhu 600 dandamali 30 ce, ƙirga ta zama ta minti kaɗan. Dandamalin yana kuma ɗaga kaya daga danshin damina da gara, musamman in an bar rabin mita tsakaninsa da bango. Amma jak ba ya tafiya a daɓen da ya farfashe, sai an gyara siminti tukuna. Kuma ba zai kori 'yan dako ba, tunda motocinmu buhu-buhu ake loda su. Zai dai rage masu nisan ɗauka.

Haɗin gwiwa ya fi duk wannan rage kuɗi, ya kuma fi saurin raba zumunci. 'Yan kasuwa huɗu ko biyar su kama babban sito ɗaya a gefen gari inda tirela za ta iya juyawa, maimakon ƙananan ɗakuna a cikin cunkoson Babbar Kasuwa. Mai gadi ɗaya, sola ɗaya, jak ɗaya, magatakarda ɗaya. Kada a raba kuɗin daidai wa daida, domin mai buhun taki ya cinye fili, mai kayan kwalliya kuma ya cinye lokacin yara. A yanka farashin gurbin dandamali a mako, da farashin kowace shiga da fita, kowa ya biya gwargwadon abin da ya ci. Magatakarda kada ya zama ɗan ɗakin ɗaya daga cikinsu, kuma a saita manhaja kowa kayansa da masu sayensa kawai zai gani. Mutum biyu masu sayar da abu iri ɗaya ga mutane ɗaya, gara kada su haɗa.

Ba kowane kaya ke zama da ɗan'uwansa ba. Taki, maganin feshi, kananzir da sabulu ba sa kwana ɗaki ɗaya da fulawa, shinkafa ko madara. Wari yana shiga, guba kuma ba ta da gyara. Sai maganar gobara. Wanda ya ga abin da wuta ta yi a Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ya san tara dukiyar mutum biyar a rufi ɗaya tara haɗari ne. A ba ƙwararre aikin wayoyin wuta, a rataye tukunyar kashe gobara a kowace ƙofa, a raba fetur da siton, a kuma nemi takaful, wato inshorar Musulunci, ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba.

Mota ita ce ɗaya ɓangaren. Tun cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, motar da ta fita da rabin lodi ko ta dawo wayam asara ce tsagwaronta. A tsayar da ranakun kowace hanya: ta Mashi zuwa Daura da Mai'adua, a daidaita ta da kasuwar Mai'adua mai ci ranar Lahadi, ta Charanchi da Kankiya, ta Jibiya. A sanar da masu saye ƙarfe nawa ake rufe karɓar oda ana gobe tafiya, wanda ya makara ya jira zagaye na gaba ko ya biya shatarsa. Kayan wanda za a sauke wa ƙarshe su ake fara lodawa. Kuɗin mota a raba shi bisa nauyi ko fili, wanda ya fi yawa a cikinsu, domin katan ɗin audugar yara ba nauyi amma yana cika mota. Kafin a tashi a nemi abin da za a dawo da shi, hatsi ko kwalaben lemo. Kuma kada kaya su hau mota saboda hoton alat da aka turo a WhatsApp, sai kuɗin sun bayyana a asusu.

Duk wannan a rubuta shi a gaban shaidu tun ana ɗasawa. Takardar ta faɗi wanda ke riƙe da makulli, zai fi kyau kwaɗo biyu a hannun mutum biyu. Ta faɗi yadda ake ƙirga: maimakon rufe sito sau ɗaya a shekara, a ƙirga layi ɗaya kowace safiya, masu saurin fita a zagayo kansu duk mako, don a kama giɓi tun ana iya tuna wanda ya taɓa kayan. Ta faɗi wanda zai biya in an sami giɓin, da iyakar abin da za a yafe na fashewa. Ta kuma faɗi wata nawa mai son ficewa zai ba da sanarwa, da yadda za a ƙiyasta kasonsa na sola, jak da sikeli bayan sun tsufa.