Tarihin Rayuwata (17): Almakashi Bai San Haƙuri Ba

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya daidai inda nas ta ɗora ni kan sikeli ta karanto kilo 106 da ƙarfi kamar mai shelar suna, nayi niyyar yau in ɗora daga nan in baku labarin hawan jinin, amma tun asuba holan ɗina ke min yawo a rai, dan haka ku yi haƙuri zancen asibiti sai wani makon.

Kaka, Allah ya jiƙanta, duk sanda ta ga ɗayanmu riƙe da almakashi kusa da zani sai tace "ke yarinya naɗe, kar ki yanke, almakashi bai san haƙuri ba." Mu lokacin dariya muke. A gidanmu na Aboabo a Kumasi tana da wani akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, in ta buɗe shi ƙamshin kafur sai ya kai zaure, zannuwan ciki wasu sun girmi Mma, tun na zamanin da take bin motar goro. Haihuwa goma sha ɗaya tayi kuma da zannuwan nan ta ɗauki kowane ciki ta sauke, in ta yi ƙiba ta sassauta ɗauri in ta rame ta ƙara naɗi ɗaya, shikenan. Ni ce jikarta ta fari mace, ni ce na fi kowa jin maganar nan, kuma ni ce na fara take ta.

Shekarar da likita yace in rage jiki ita ce 2022, duk wanda ke Gana a shekarar nan ba sai na masa bayani ba. Dala da muka shiga shekara tana sidi shida da ɗoriya, kafin Nuwamba ta haura sha huɗu, a Disamba rediyo na cewa tsadar kaya ta wuce kashi 50 cikin ɗari. Baban yara a Abossey Okai nan Akra yake wajen kayan mota, kuma kayan mota da dala ake shigo da su, wata rana ya dawo gida ba ko sisin kobo sai ƙura a ƙafa. Ni kuma sobolo (zoɓo) da burkina (gero da nono) nake ƙullawa a firij, gero ya tashi suga ya tashi leda ma ta tashi. A irin wannan halin ne wai zan riƙa canza kaya duk wata biyu saboda jiki na sauka. Da wane kuɗin?

Ba wani abin mamaki nayi ba wajen ramewar, kar wata ta zo tana tambayata sunan shayi. Dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, biyu ya koma ɗaya, wake da shinkafar safe na bar taliya da garin da ake barbaɗawa, koko ba suga, tuwon zafi rabin malmala miyar ayoyo ta fi yawa, sannan bayan sallar asuba in taka daga Mamobi in bi titin Kanda har sai na hango hasumiyar babban masallacin nan da aka buɗe a 2021 in juyo. Kilo shidan farko ba wanda ya lura sai siket ɗina da ya fara juyawa, in fita zif yana baya in dawo yana gaba. Da na kai goma sai wuyan riga ya riƙa zamewa kafaɗa, hannu ya yi tsawo, duk abin da na sa sai in koma kamar an sa wa muciya buhu.

Toh a nan holan ya shigo. Na lefe ne, 2009, turmi guda cikin akwatin da aka kawo wanda Mma ta ɗaga ta shinshina tace wannan kam na gaske ne ba irin na kasuwar Tudu ba. Shuɗi ne mai ruwan ƙasa ƙasa, shekara uku na ajiye shi ban taɓa ba sai a sunan yarona na biyu aka ɗinka min kaba da silit, wato riga da dogon siket, kuma wata tsohuwar Ashanti ce ta ɗinka a Asawase, irin ɗinkinsu na da, wanda silit ɗin ba a yanka yadin sosai, a ninke rarar a ciki a sa zariya a ƙugu, yadda in kin ga dama bayan shekara goma ki farke ki samu zaninki kusan cikakke. Rigar ma ta bar min kusan inci uku kowane gefe. Matar nan Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba amma ita da Kaka a kan zani bakinsu ɗaya.

Ana saura kwana huɗu wani awure a Sabon Zango na gwada shi ya min yawa, zuciya ta ɗebe ni, ina so a ganni a san na rage. Na kai wa wata tela a layinmu, bazan faɗi sunanta ba tana nan da ranta muna gaisawa, nace mata "Anti dan Allah a ɗan kama min shi gefe da gefe." A kama nace. Ban ce kar a yanke ba, wannan shi ne laifina kuma na ɗauka. Ita kuma aiki ya mata yawa ta miƙa wa yarinyar da ke koyo, yarinya ta auna ta kama ta ɗauki almakashi ta share duk rarar da tsohuwar nan ta ɓoye min, ta bi bakin da injin kashe baki ya fito fes kamar na kanti, ta cire zariyar ta sa zif. Ranar awuren nayi kyau, ƙarya haramun, har hoto aka min. Sai da na dawo gida na juya rigar zan shanya na ga cikinta ba ko rabin inci, na zauna bakin gado na ji muryar Kaka tar kamar tana tsakar gida.

Ƙyallayen ma ba a dawo min da su ba. Bayan wata biyu na gansu a kan ƴar telar, an haɗa mata ɗan kwali.

Abin da ba a gaya wa mai rage jiki shi ne jikin ba sauka yake ta yi kamar ruwan kwata ba, yana sauka ya tsaya ya hau. Azumin 2023 na sauka sosai, bayan sallar layya Mma ta kwanta na tafi Kumasi jinya wata uku, ba tafiyar asuba ba komai, sai sakwara da ƴan dubiya ke kawowa da shayin dare da tunani, na dawo Akra da kilo bakwai a kaina. Na ɗauko holan, ya tsaya a ƙirji yaƙi sauka. Da rarar nan tana ciki reza kawai zan sa in saki inci ɗaya.

Ranar kuwa ƙanwar baban yara tana ɗakin. Wannan baiwar Allah, wadda tun ina amarya take kirana matar yaya da wata irin murya, ita ce lokacin da na fara ramewa ta bi dangi tana cewa a bincika, mutum ba ya zubewa haka kawai, ko ciwon nan ne ko kuma yayanta ne zai ƙara aure baƙin ciki ke cina. Har gidan suna aka ja kofi daga gabana, na gani da idona. Yanzu kuma ta ganni ina kokawa da riga sai tace "matar yaya ai jikinki ya dawo gida, wannan kam ya gama miki aiki, kawo in rufa masa asiri." Surukata na zaune tana jan carbi. Ku gaya min ya zan yi. Nace ɗauki mana, ai ni da ke ɗaya ne, bakina na faɗi cikina na ƙuna.

Daga ranar na koma makarantar Kaka. Duk rigar da ta min yawa, juyata nake in sa a jikina a bai bai, babbar ƴata ta kama gefe da fil, in cire in bi da allura da zare manyan taku yadda cirewa ba zai yi wuya ba, rarar in kwantar da ita in danne da dutsen guga. In aikin ya fi ƙarfin hannu sai in jira masu yawo da keken ɗinki a ka, waɗanda Ashanti ke kira oyeadieyie, kina jin ƙarar almakashinsu kwas kwas daga bakin layi, in zaunar da shi a ƙofar gida ina tsaye a kansa, kafin ya zare zare nace masa "Malam ajiye almakashin nan a ƙasa inda zan ganshi." Wani har ya yi fushi yace shi ba yaro bane. Nace na sani, almakashin ne yaro. Siket duk na farke ƙugunsu na zura zariya, roba tana saki in ta sha wanki amma zariya kullum daidai take da ke. Abaya kuwa Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro ta, guda biyu baƙaƙe suka raka ni tun daga 106 har inda nake yau, tsawon kawai na naɗe don in jiki ya tafi riga sauka take yi ta fara sharar ƙasa, kuma kwatar Nima ba ta san abaya mai tsada ba.

Abin da naɗi ba ya yi masa magani rigar mama ce, wannan dole ki saya, kuma nan na sa ɗan kuɗin adashina, biyu biyu, in wanke ɗaya in sa ɗaya. Na zaman gida da na zuwa kasuwa kuma Kantamanto, kasuwar gwanjo. Laraba ko Asabar ake fasa dila, in kina son na kirki sai kin yi sammako kin shiga motar haya tun duhu, amma ni ba zaɓin fari nake bi ba, na masu butik ne, ina bari sai rana ta ɗaga an fara kiran farashi ƙasa ƙasa sannan in durƙusa in tona. Dokata ɗaya, bana sayen abin da ya min daidai cif kuma bana sayen na jikin da nake mafarki, wai in na ƙara ramewa zan sa. Na yi wannan wautar sau ɗaya, wani siket mai kyau yana nan har yau bai taɓa hawa ƙuguna ba. Da kasuwar ta ƙone farkon Janairun 2025 nayi kuka kamar rumfata ce, matar da nake saya a wajenta sai da ta koma shimfiɗa leda a bakin titin jirgi.

Na manta ban faɗi wanki ba, kuma Kaka da tana raye da nan zata fara. Atamfa ba ta son garin sabulu mai kumfa, sabulun Key da ruwan sanyi, a juye, ba murza kamar ana faɗa, a shanya a inuwa. Kaya kaɗan gareki kina maimaita su, in kika bar wa ranar Akra su wata uku sun koɗe. Ita Kaka har gishiri take zubawa a ruwan farko na sabon zani.

Yayi, wato anko, shi ne ya fi ba ni wahala, kun san Zango, kowane awure da nasa kowane suna da nasa, in baki ɗauka ba a ce baƙin ciki kike. Na daina ɗaukar na kowa sai na jini, shi ma ban ƙara kai wa tela ta yanka min sitayil ba, bubu nake sawa a yi ko in ɗaura shi zani in sa farar riga a sama. An yi gulma an gaji. Yanzu cikin akwatina akwai zani shida da almakashi bai taɓa ba, na sa musu kafur, ƴata tana toshe hanci tana cewa Mama warin tsofaffi.

Yau kilona 82, shekara guda kenan ina nan ban hau ban sauka ba. Wato da holan ɗin yana hannuna yanzu da ya zauna min das, har da sarari. Ranar Lahadin da ta wuce a wani suna a Fadama na ganshi a jikin ƙanwar baban yara, ta sa an ƙara masa wani baƙin leshi a gefe don bai rufe mata ciki ba, ta ɓata hannun, ga tabon manja a ƙirji. Ta taso da fara'arta tace "matar yaya kin gane shi kuwa?" Nace na gane. Baban yara yace in bar zancen zai saya min wani in kasuwa ta buɗe, nace masa irin wannan zanen na zaga kasuwar Makola sau biyu ban ganshi ba, yace to zani ne fa ba mutum ba. Ban tanka masa ba, na tashi na je na duba sobolo a firij.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma kan sikelin nan da abin da nas ɗin ta faɗa min a kunne bayan mutane sun watse.