Abin da ƙwan tsutsa ya koya mini a zamanin korona

Da na fara aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, babu abin da nake rainawa kamar duba bayan gida. A shafa a gilashi, a leƙa madubin likita, ga ƙwan macijin ciki, a rubuta sakamako, a ba mara lafiya albendazol. Tsargiya ma haka, a fitsarin yaran da ke wanka a kududdufi. Sai da korona ta zo na san ban fahimci abin da nake gani kullum ba.

Tsutsa takan yi shekaru a jikin mutum domin ta iya lallashin garkuwar jiki. Tana karkatar da ita zuwa salon da ake kira Th2, ƙwayoyin jinin nan iyosinofil su ƙaru, sannan ta sa jiki ya riƙa fitar da sinadarai irin su IL-10 masu kwantar da kumburi. A korona mai tsanani kuwa, sau da yawa kumburin da ya wuce kima ne ke lalata huhu. Saboda haka da na karanta binciken da aka yi a Habasha a 2021 kan masu korona 751, wanda ya nuna masu tsutsar ciki da makamantanta ba su cika jigata ba, sai na ɗauka an gama magana, tsutsa tana kare mutum daga tsananin korona. Na kai wa wani dattijon likita da murnata.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, lura suka yi, ba gwaji ba. Kuma ka manta da Strongyloides."

Wallahi na manta da ita. Wannan tsutsa tana hayayyafa a cikin jikin mutum ba tare da ta fita ba, ta yi shekaru da dama shiru. A Yunin 2020 masu bincike a Ingila suka tabbatar deksametazon, maganin kwantar da kumburi, yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma maganin yana danne garkuwa, kuma da zarar an danne ta sai tsutsar ta bazu zuwa huhu da jini, ta kwaso ƙwayoyin cutar hanji tare da ita. A Disambar shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan haka. Ibamektin ma, maganin tsutsar da aka yi ta cece-kuce kan ko yana maganin korona, wani nazari na 2022 ya nuna amfaninsa ya fi fitowa a yankunan da tsutsar ta yi yawa. A ganina tsutsa yake kashewa, ba korona ba.

Maganar rigakafi ita ta fi damuna. A ƙasar Ikwado an ga garkuwar yara masu macijin ciki ta fi amsa rigakafin kwalara na baki bayan an ba su albendazol. Garkuwar da tsutsa ta kwantar ba lallai ta tashi da ƙarfi ba idan allura ta zo, ga shi mutanenmu na karkara da yawa da tsutsar suke zuwa layin rigakafi.

Yanzu idan na ga iyosinofil ya hau a jinin wanda za a ɗora kan deksametazon, ba na jiran takarda ta isa ɗakin majinyata, da ƙafata nake zuwa. Nakan kuma roƙi a sake kawo bayan gida sau biyu ko uku, domin shafawa ɗaya takan kuskure 'ya'yan Strongyloides.