Abin da furojet ɗina kan kalmar sugar ya koya min

Tunda dai sakamako ya fito na karɓi abina, bari in amayar da abin da na daɗe ina haɗiyewa. Furojet ɗina a sashen Turanci kan asalin sunayen kayan abinci ne, kuma babin sugar shi ya haɗa ni da supabaiza.

Ni fa ba ƙirƙira na yi ba. Turanci ya aro kalmar daga tsohon Faransanci, sucre, wajen ƙarshen ƙarni na 13, su kuma ta Italiya ta iso musu, amma kafin nan ta Larabawa ce, sukkar, don su suka kai noman rake Sisili da Andalus, shi ya sa har gobe mutanen Sifen ke cewa azúcar, al ɗin Larabci na nan manne a gaba. Larabawa a bakin Farisawa suka ji shakar, Farisawa kuma daga Sanskrit, tsohon harshen Indiya, sharkara, wato tsakuwa ko ɓurɓushi. Har na ƙara da cewa mu ma sau biyu ta shigo mana, sukari ta hanyar Larabci, suga daga bakin Bature.

Bawan Allahn nan ya sa jan biro ya ratse shafin daga sama har ƙasa, wai daga Girkanci take, sakkharon, in daina cusa Larabci inda babu shi, nan ba Islamiyya ba ce. To ai sakkharon ɗin ma daga Indiya ta taso, kuma kalmar saccharin (sinadarin zaƙi da ake sawa a madadin suga) ta haifa ba sugar ba. Na ɗauko kamus ɗin Oxford na kai masa har ofis, ko buɗewa bai yi ba, sai "kai yaro, ka fi ni karatu ne?" a gaban 'yan ajinmu. Na cire babin don a rabu lafiya, duk da haka C ya manna min. Ranar difens malamin da aka gayyato daga waje ya tambaya ya aka yi aiki kan kayan abinci babu kalmar Larabci ko ɗaya, oga ya duƙufa yana latsa waya.

Ƙannena masu shiga ajin ƙarshe, ku bincika halin supabaiza kafin ku zaɓi take. Duk abin da aka sa ku cire ku ajiye kwafinsa. Kuma kamannin sauti ba hujja ba ne, ku nemo lokacin da aka fara ganin kalmar a rubuce.

Babin yana nan a filas ɗina, shi zan faɗaɗa a mastas in sha Allahu, amma a wata jami'ar.