Ashe su na je yi a Amurka

Hoto ɗaya ne ya jawo mini. Wata Laraba a watan Oktoba malaminmu ya kwashe mu zuwa wani rafi a bayan gari mu kamo ƙwarin cikin ruwa, waɗanda da su ake gane ko rafi na da lafiya. Aka ba ni wandon roba mai haɗe da takalmi wanda ya kai ƙirji, aka ba ni 'yar koma. Wani ɗan ajinmu ya ɗauke ni ina tsakiyar ruwa, taɓo har gwiwa, na washe baki. Ni kuwa da rawar kai na tura a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp. Ban ko cire wandon ba sai ga saƙon murya daga Gwaggo ta Tudun Wada: "Ikon Allah! Ɗan nan, ashe su ka je yi a Amurka? Ai da ka faɗa da an kai ka Galma, ko kuɗin jirgi ba sai an kashe ba."

Daga ranar na zama Sarkin Ruwa. Ƙanwata ta ce har yaran layinmu sun ɗauka.

Wanda ya san Zariya ya san inda abin ya yi zafi. Garin da ABU take tun 1962, inda a sahu ɗaya na sallar Juma'a sai ka ƙirga dakta uku da farfesa. Baba ya yi shekara talatin yana tuƙa irin waɗannan mutanen, yana jiransu a mota su gama mitin, kuma duk tsawon shekarun nan a ransa ɗansa zai zama injiniya. Da biza ta fito, a majalisarsu ta Ƙofar Doka cewa ya yi na samu jami'a a Amurka. Ban gyara masa ba, wannan laifina ne. Kwaleji ce ta shekara biyu, takardarta kusan difloma a wajenmu, a wani ƙaramin gari a arewacin jihar Minesota wanda mutanensa ba su kai na unguwa ɗaya a Samaru ba.

Kuma ni na zaɓe ta da idona biyu. Kuɗinta bai kai rabin na jami'o'in da suka ɗauke ni ba, ga shi gonar Baba ta hanyar Giwa aka sayar. Idan na gama, darussan da na ci za su bi ni zuwa jami'a in ƙarasa digiri. Wannan shi ne bayanin da nake yi wa manya. Wanda ban faɗa ba shi ne kududdufin bayan gidanmu. Na taso ina ganinsa yana cika da damina, ya yi kore, leda ta rufe shi, sauro ya hana mu barci, mu kuma muna tsaye a ƙofar gida muna jiran kurar 'yan ga-ruwa. Tun ina sakandare nake son sanin me ke cikin ruwan nan, ba wanda ya taɓa ba ni amsa.

A nan ruwa ne sana'ar kowa. A jikin lambar motocinsu an rubuta tafkuna dubu goma, amma a ƙirga sun kai 11,842. Akwai wani faifai da muke aiki da shi, faɗinsa kamar sentimita 20, an raba shi huɗu, fari da baƙi. A cikin kwalekwale ake zura shi da igiya a hankali har ya ɓace wa ido, sai a auna tsawon igiyar da ta nutse. Shi ke nan, ka san hasken ruwan. Wani limamin kirista ɗan Italiya mai suna Secchi ya fara amfani da irinsa a 1865. Ranar farko igiya ta yi ta tafiya, ina ta hango farin yana ƙyalli can ƙasa, sai na tuna Kubanni da damina, wanda ko yatsanka ka tsoma ba ka ganin farce. Malama ta tambaye ni me ya sa nake dariya ni kaɗai. Ta ina zan fara?

Suna da wata shinkafa da ke fitowa da kanta a tafki, abincin ƙabilar Ojibwe tun kaka da kakanni, kuma tun 1973 jihar ta kafa doka kan yawan sinadarin salfet da aka yarda ya shiga ruwan da take tsiro. Doka saboda shinkafar daji! Ranar da muka yi darasin nan na fito ina jin kaina kamar wani babba. Na so in kira Baba in ba shi labari, sai na tuna a Zariya dare ya raba.

Sanyi kuwa ba zan ɓata baki ba. A wani gari nan yankin an taɓa auna 60 ƙasa da sifili a ma'auninsu na Fahrenheit, a Fabrairun 1996, kuma suna faɗa da alfahari kamar yadda muke faɗin hawan Daushe. A Disamba kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe. Ba kiran sallah, ba mai shayi, ba wanda zai yi maka sallama ya zauna ba dalili. Juma'a sai na samu mai zuwa birnin Dulut, naman halal sai shagunan Somaliyawa a Miniyapolis. Yajin da Umma ta ƙulla mini a leda uku saura ɗaya, da ƙaramin cokali nake ɗiba.

Baba bai ce komai a kan hoton ba, har yau. Yaya ne ya gaya mini ya yi sati biyu bai leƙa majalisa ba, wai ƙafa ke damunsa. Umma ta ce ƙafarsa lafiya lau.

Makon jiya muna gaisawa na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, don Allah tsakanin rijiyar gida da salga taku nawa ne?" Mun karanta cewa a ƙalla a bar mita 30. Ya yi shiru, na ji ƙarar takalminsa a tsakar gida, yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Ya dawo ya ce goma sha biyu. Na fara bayani, ya katse ni: "Kakanka ya sha, na sha, kai ma da shi aka yi maka wankan jego." Sai ya miƙa wa Umma wayar.

Umma ba ruwanta da rijiya. An sa ranar ƙanwata bayan babbar sallah, gado da katifa sun yi tsada, kuma Gwaggo ta ce a tambayi Sarkin Ruwa ko shi zai ɗauki kujeru. Aikin da biza ta yarda in yi awa ashirin ne a mako, a kicin ɗin makaranta nake wanke tire. Na ce a gaya mata na ɗauka.