Farin maɓallin da ya ƙi ƙarewa

Duk mai koyar da juyin halitta ya san jimlar da ake haddace wa yara: mai ƙarfi ya rayu, mai rauni ya shuɗe, sannu a hankali mugun gado ya ƙare. Jimlar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, amma sai da na zuba maɓallai a jaka ɗalibai suka ɗiba da hannunsu na ga girman ɓarnar da take yi. Darasin da na tsara zai ƙare kafin a kaɗa ƙararrawa ya cinye mana sauran makon, ya tura babin da ke biye baya, kuma da za a sake ba ni makon haka zan sake kashe shi.

Tsarin ba wuya. Kowace ƙungiya ta karɓi jakar da ba a ganin cikinta da maɓallan riga 100, ja 50, fari 50. Kowane maɓalli ƙwayar gado ɗaya ce. Ja shi ne mai rinjaye, lafiyayye. Fari kuwa mai laɓewa ne, ba ya nuna kansa sai ya gamu da fari ɗan'uwansa. A zura hannu ba kallo a ɗauko biyu, an haifi ɗa ke nan, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A rubuta, a mayar, a girgiza, a sake, har 'ya'ya 50. Doka ɗaya ce, mai tsauri: duk ɗan da ya fito fari da fari ba zai haihu ba, a soke shi. Sai a ƙirga launukan da ke jikin waɗanda suka rage, a cika jakar bisa wannan kaso, a shiga zubi na gaba. Kowane zubi tsara guda ce.

Kafin a fara na ce kowa ya rubuta zubi nawa yake ganin za a yi kafin fari ya ƙare ƙaf. Kusan duka suka tsaya tsakanin uku da biyar. Ba laifinsu ba ne, abin da jimlar can ta koya musu ke nan. Ai zaɓin yanayi, wato yadda yanayi ke barin wasu su haihu ya hana wasu, bai taɓa yin tsanani fiye da wannan ba: ba a bar ko ɗaya ya tsira.

Farkon ya tafi yadda suka zata. Fari ya sauko daga rabi zuwa wajen sulusi, daga nan zuwa wajen rubu'i, ana ta soke 'ya'ya ana murna. Sai abu ya fara nauyi. A zubin farko kusan 12 cikin 50 ake sokewa, a na biyu 5 ko 6, a na uku 3, a na huɗu 2. Can gaba sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu, fuskarta a murtuke, ta ce, “Malam, a wannan zubin ba mu soke kowa ba, amma ga farin nan a jaka. To wa zai fitar da shi?”

Wannan tambayar ita ce darasin gaba ɗaya. Na san lissafin a takarda tun ina ɗalibi, amma sanin takarda daban, ganin ɗaki guda na yara sun yi cirko-cirko a kan jaka daban. Zaɓin yanayi ba ya ganin ƙwayar gado. Jiki yake gani, da abin da jikin ya iya da wanda ya kasa. Farin da ke tare da ja yana zaune cikin lafiyayyen jiki, ba abin da zai taɓa shi, kuma zai wuce ga rabin 'ya'yan mai shi. Ƙarancinsa ma kariya ce gare shi, domin da wuya ya haɗu da wani farin. Idan fari ya koma ushuri, ɗa 1 cikin 100 ne kawai zai fito fari da fari, alhali 18 cikin 100 suna ɗauke da shi a ɓoye. Idan ya koma 1 cikin 100, mai nuna alama 1 ne cikin 10,000, masu ɗauke da shi kusan 1 cikin 50, kuma kashi 99 cikin 100 na fararen duk suna laɓe inda hannun zaɓi ba ya kaiwa.

Muka jera kason a allo: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i, ushuri. Wani yaro da ba ya yawan magana ne ya fara gano tsarin, ya ce lambar ƙasa ce kawai ke ƙaruwa da ɗaya a kowane zubi. Na yi alfahari da shi ƙwarai, don abin da ya gani shi ne dokar kanta. Zubi 1 ya isa a sauko daga rabi zuwa sulusi. Daga rabi zuwa ushuri zubi 8. Daga ushuri zuwa 1 cikin 100 kuwa zubi 90.

Tushen lissafin ya haura shekara 100. A 1908 masanin lissafi G. H. Hardy na Kambirij a Ingila da likita Wilhelm Weinberg na Jamus, kowa da kansa, suka nuna cewa idan taron halittu yana da yawa, ana haɗuwa ba zaɓe, ba ƙaura, ba sabon sauyi a ƙwayar gado, ba kuma wanda ya fi wani damar haihuwa, kason ƙwayoyin gado ba ya motsi daga tsara zuwa tsara. Rinjaye ba ya sa ƙwaya ta yawaita, laɓewa ba ta sa ta ragu. Masanin gado Reginald Punnett ne ya kai wa Hardy matsalar, bayan an tambaye shi me ya sa gadon gajerun yatsu, da yake mai rinjaye ne, bai mamaye mutane ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai a tarihin nan shi ne yadda aka san wannan lissafin aka kuma yi biris da shi. A 1917 Punnett ya ɗauki zaton da ake yayi a lokacin, wai raunin hankali ƙwaya ɗaya ce mai laɓewa (zaton da ba shi da tushe), ya nuna da lissafin Hardy cewa ko an hana duk masu shi haihuwa, sai an yi tsara 22 kafin su sauko daga 1 cikin 100 zuwa 1 cikin 1,000, tsara 90 kafin su kai 1 cikin 10,000. Shi kansa bai bar ra'ayin hana haihuwar ba, cewa ya yi a nemo hanyar gano masu ɗauke da ƙwayar a ɓoye. Jihar Indiyana ta Amurka ta riga ta kafa dokar hana wasu mutane haihuwa da ƙarfi tun 1907, wasu jihohi suka bi, har aka yi wa mutane fiye da 60,000 aikin. Jamus ta kafa tata a 1933, ta yi wa ɗaruruwan dubbai. Zalunci ne ko da lissafin ya goyi bayansu, ga shi kuma bai goya ba. Na gaya wa ɗalibai wannan da jakunkunansu a gabansu, kuma ba sai na yi dogon bayani ba.

Don su ga bambanci muka juya dokar: a ce farin ne mai rinjaye, duk ɗan da ke da ko guda a soke shi. Zubi ɗaya, fari ya ƙare. Irin wannan ne ya faru da wani ƙwaron dare mai kama da malam-buɗe-littafi a Ingila. An fara ganin baƙinsa a Mancesta a 1848, lokacin da hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwa, tsuntsaye suna tsince masu hasken jiki. Kafin ƙarnin ya ƙare baƙin ya kai kusan kashi 98 cikin 100 a birnin. Da aka kafa dokar tsabtace iska a 1956, itatuwa suka washe, baƙin ya yi ta raguwa har ya zama da wuyar gani. Baƙin launin mai rinjaye ne, duk ƙwaron da ke da ƙwayarsa yana nuna shi a jiki, don haka ya hau da sauri ya kuma sauka da sauri. Misalin nan shi littattafai suka fi so, kuma gaskiya ne, sai dai shi ke sa yara su ɗauka kowane zaɓi haka yake gudu.

Akwai wani abu da ya kusa ruguza mana darasin, kuma duk mai son gwada wannan ya shirya masa. Da fari ya yi ƙaranci, ƙungiyoyi suka fara saɓa wa juna. Wata ta ga farinta ya ƙaru duk da ana soke shi. Wata kuma ta wayi gari ba fari ko ɗaya, suka tashi suna cewa, “Malam, ka gani, namu ya ƙare, ashe dai yana ƙarewa!” Da na duba takardarsu, a zubin ƙarshe ba su soke kowa ba. Ba zaɓi ne ya fitar da farin ba, hannu ne kawai bai ci karo da shi ba. Dace ne, abin da masanin gado Sewall Wright ya yi ta nanatawa tun wajen 1931: a ƙaramin taro kason ƙwayoyin gado yana tangaɗi da kansa, ba ruwansa da amfani ko illa. A 1956 Peter Buri ya gwada haka da ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace, gida 107, kowane gida ƙuda 16, duka an fara da rabi da rabi na nau'i biyu na launin ido. Bayan tsara 19 fiye da rabin gidajen sun rasa ɗaya daga cikin nau'o'in biyu gaba ɗaya, wasu wannan wasu wancan, kusan daidai wa daida. Ko ƙwaya mai amfani ba ta tsira daga wannan ba. Masanin gado J. B. S. Haldane ya lissafa a 1927 cewa sabuwar ƙwayar da ke ƙara wa mai ita damar haihuwa da kashi 1 cikin 100, damarta ta mamaye taron ba ta wuce kusan kashi 2 cikin 100 ba.

Maganin shi ne a tara sakamakon dukan ƙungiyoyi a allo bayan kowane zubi. Na ƙungiya ɗaya yana ta hawa da sauka, jimillar ajin kuwa tana bin jerin can na sulusi, rubu'i, humusi kusan sak. Kada kuma a rage yawan 'ya'ya don a ci lokaci. Da 10 ko 15 dace zai binne zaɓin, yara su tashi da akasin abin da ake son su gani. Maɓallan su zama girma ɗaya, santsi ɗaya, domin yatsa yana zaɓe ko mai shi bai yi niyya ba. Kuma a mayar da biyun jaka kafin a sake ɗiba. Sauran duk mai sauƙi ne. Babban abin dai kada a tsaya a zubi na uku. Wanda ya tsaya nan zai sallami yara da tabbacin cewa fari na gab da ƙarewa, wato ya ƙara wa jimlar can ƙarfi da hannunsa.

Ranar ƙarshe muka kawo sikila, don na san tana bakin kowa tun da aka ce “mai laɓewa”. A nan na sauya harshe, na bar kalmar sokewa da duk abin da ya yi kama da ita, domin a kowane aji ana iya samun mai SS ko mai ƙani da ke da shi, kuma da kulawar asibiti masu SS suna girma, su yi karatu, su haihu. Na ce muna kwatanta zamanin da ba magani ne. Sikila ta ƙara wani abu a kan laɓewa. A 1954 Anthony Allison ya nuna daga bincikensa a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi masu AA jure wa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Muka sa wannan a doka, fari shi ne S, ja shi ne A: fari da fari ba ya wucewa zubi na gaba, haka ma 1 cikin kowane 5 na ja da ja, mai ja da fari kuwa ya wuce lafiya. Na ba wasu ƙungiyoyi jaka mai fari rabi, wasu mai fari 5 kacal cikin 100. Na farkon suka yi ta sauka, na biyun suka yi ta hawa, dukansu suna nufar wuri ɗaya, wajen sudusi, inda lissafi ya ce za su tsaya. A wannan matsayi kusan 28 cikin 100 na 'ya'ya ja da fari ne. Adadin 1 cikin 5 ni na zaɓe shi don sauƙin ƙirga, amma sakamakon bai yi nisa da zahiri ba, tunda a wasu yankunan Afirka masu fama da sauro mutum 1 cikin 4 AS ne. Ɗalibar nan da ta tambayi wa zai fitar da fari ita ce ta ce, “Ashe a nan zaɓin da kansa ne ke riƙe da shi.”

Tambayar da nake sa musu a jarrabawa yanzu guda ce: ƙwaya mai laɓewa tana 1 cikin 100, duk mai biyu ba ya haihuwa, tsara nawa kafin ita ƙwayar kanta, ba masu nuna alama ba, ta koma 1 cikin 1,000? Amsar 900 ce. In an ba kowace tsarar ɗan Adam shekara 25, shekara 22,500 ke nan, kuma wannan idan an ɗauka ba wata sabuwar ƙwaya irinta da za ta ɓulla a tsawon lokacin, alhali kuskuren kwafin gado yana haifar da sababbi a kowace tsara.