Gwanin yara a gidan da babu malami

Aikin horar da yara ƙwallo ne ya sa na fara bin diddigin yadda Amurkawa ke zaɓen sababbin 'yan wasa. A gasar NFL, ƙwallonsu mai kama da zari-ruga, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe bara ita ke fara zaɓa daga cikin matasan jami'o'i. Don adalci aka tsara haka. Sai dai gwanin gwanaye shi ke faɗawa gidan da ya fi kowanne rikicewa, inda koci ke fargabar kora, magoya baya sun ƙosa, ba mai haƙurin jiran yaro ya nuna.

Dubi David Carr, ɗan wasan da ke jefa ƙwallo yana jagorantar hari. Houston Texans, sabuwar ƙungiya fil, ta ɗauke shi na farko a 2002, ta jefa shi fili nan take ba tare da masu tsaron kirki a gabansa ba. A kakar nan kaɗai sau 76 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu. Wanda ke shan irin wannan bugu gudun tsira yake koya, ba karanta wasa ba. Shi kuwa Aaron Rodgers, da aka ɗauka na 24 a 2005, kaka 3 ya yi a benci yana kallon Brett Favre, gogaggen da ke riƙe da gurbin, kafin a damƙa masa ragamar ƙungiyarsu ta Green Bay.

A tamaula ma haka ne. Freddy Adu, haifaffen Tema a Gana, yana ɗan shekara 14 ƙungiyar D.C. United ta Amurka ta ɗauke shi na farko a 2004, ana ta kiransa sabon Pele. Ya je Benfica a 2007, daga nan sai zaman aro, yau Monaco gobe Girka, ba inda ya zauna har wani koci ya gama gyara shi.

A filinmu ina ganin ƙaramin samfurin wannan. Yaron da ya riga tsaransa girman jiki yana ture kowa ya ci ƙwallo, 'yan kallo na ihu, ba wanda ke ce masa ya ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa. Ranar da tsaran suka kamo shi a tsawo, sai ka ga ya tsaya cak.

Shi ya sa yanzu nakan haɗa irin wannan yaro da yayyensa a atisaye, in hana shi taɓa ƙwallo fiye da sau biyu. Yakan yi fushi, wani lokaci har mahaifinsa ya zo bin ba'asi. Idan kuma wata ƙungiya ta zo nemansa, kafin maganar kuɗi nakan tambayi wa zai horar da shi, da kuma shekara nawa kocin ya yi a wurin.